Kafin a kai goma, yaushe ake cewa ɗaya?

A wasan faifai ba a gardama a kan goma. Yaron da ya fara zuwa fili jiya ma ya san in mai tsaronka ya ƙirga har goma faifai na hannunka, shi ke nan, sai ka ajiye ka koma tsaro. A kan ɗaya jijiyar wuya ke tashi. Yaushe ya faɗe ta? Ina yake tsaye da ya faɗe ta? Na lura yawancin masu ihun «ka yi sauri!» ba saurin bakin ne ya dame su ba. An soma musu ƙirga ne a lokacin da suke ganin bai yi ba, ko daga inda bai halatta ba, sai su rasa sunan da za su ba abin, su ce sauri.

Ga wanda bai taɓa gani ba, wasan da ake kira Ultimate Frisbee nake nufi. Ɗaliban wata sakandare, Columbia High School, a garin Maplewood na jihar New Jersey a Amurka, su suka ƙirƙiro shi a 1968. Mutum bakwai-bakwai, faifan roba mai nauyin giram 175, fili mai tsawon mita 100 da faɗin mita 37, an ware mita 18 a kowane ƙarshe a matsayin gidan ci. Ka cafe faifai cikin gidan da kuke kai wa hari, kun ci ɗaya. Ba a gudu da faifai a hannu: ka cafe, ka tsaya, ka kafe ƙafa guda, kana iya juyi a kanta amma ba ka ɗaga ta sai ka jefa. Kuma babu alƙalin wasa. Ba wai mu ne talauci ya hana ɗaukar alƙali ba, haka aka gina wasan, har a gasar duniya ƴan wasa ke yanke wa kansu hukunci. Don haka lokacinka a bakin abokin hamayyarka yake.

Mu nan Damagaram ranar Lahadi muke bugawa, bayan la'asar, a wani filin yashi bayan wata makaranta, in ƴan balo sun bar mana gefe. Filinmu bai kai mita 100 ba, kusurwoyinsa takalma ne da jarkunan ruwa, layi kuwa da dunduniya ake ja. Akwai ɗaliban Jami'ar André Salifou a cikinmu, da masu kabu-kabu, da tela, da ƴan lakkol. Ni gyaran waya nake yi wajen Kasuwar Dole, kuma tunda ni ne na sauke littafin dokokin hukumar wasan ta duniya, WFDF, a wayata, fassarar Faransanci, sai aka mai da ni wanda ake juyowa a kalla duk sadda aka yi cirko-cirko. Hukumar nan an kafa ta a 1985, Kwamitin Olamfik na duniya ya amince da ita cikakkiyar amincewa a 2015. Maganar ƙirga tana sashe na 9 na littafinta, ba ta cika shafi ba, amma ta fi kowane sashe cinye mana hasken maraice.

Yadda ake yin ƙirgan kansa ba wuya. Mai tsaro ya faɗi kalmar buɗewa, «stalling» a littafin, mu «ina ƙirga» muke cewa, sannan ya tafi daga ɗaya zuwa goma. Daga farkon kowace lamba zuwa farkon ta gaba dole a samu aƙalla sakan guda. Ba sai ya gama furta goma ba: da bakinsa ya buɗe da ita faifai bai bar hannunka ba, ka rasa. In ka lissafa, daga ɗaya zuwa goma sakan tara ne ke nan, ba goma ba. Ƴan lakkol da ke ƙirga da Faransanci su aka fi kamawa da gaggawa, don lambobinsu gajeru ne, suna zubowa a jere ba birki.

Doka ta ba mai tsaro damar soma ƙirga da zarar mutuminsa ya cafe faifai. Da zarar ya cafe, ba da zarar ya shirya ba. Tsakanin waɗannan biyu wahalarmu take, kuma ba rashin sanin doka ne kaɗai ya kawo ta ba. Har da tarbiyya.

Telan da na ambata shi ne dattijon filin, furfura ta kama gemunsa, kowa Baba yake ce masa. Gudu kam babu, amma hannunsa ba ya kuskure. Ran nan aka haɗa shi da ɗan ƙanwata, wanda duk filin babu mai ƙafarsa. Baba ya cafe faifai. Yaron ya iso gabansa tun ƙura ba ta kwanta ba, ya ware hannuwa yadda aka koya masa, sai kuma ya yi tsit. Baba ya gyara zaman hula, ya ja wando sama, ya goge yashin jikin faifan da bakin riga, ya dubi gabas ya dubi yamma. Sai da ya ɗago ya kalli yaron tukuna aka ji wata ƴar murya can ƙasa: «Ina ƙirga, Baba. Ɗaya.» Kafin nan masu tsaronmu sun galabaita da bin mutanensu, ɗaya ya kuɓuce, aka ci mu.

Da muka koma layi na ce masa: «Kai, me ya hana ka ƙirga?»

Ya sunkuyar da kai. «Kawu, ai bai shirya ba.»

«Shirinsa ba aikinka ba ne.»

«To ni in tsaya gaban Baba ina masa ihu?»

Ban ga laifinsa ba. Yaron da aka rene shi a kan ya durƙusa ya gai da babba, kada ya haɗa ido da shi, kada muryarsa ta hau tasa, ba a wuni ɗaya za ka ce ya tsaya taku guda daga fuskar sa'an kakansa yana jero masa lambobi ba. Kara ce ya yi, kuma kara abu ce mai kyau. Sai dai wannan karar ba daga aljihunsa ta fita ba. Mutum shida ne suka biya ta da ƙafafunsu. Duk sakan ɗin da aka bar wa mai jifa, sakan ne da masu tsaro za su ƙara suna bin mai gudu cikin yashi, kuma mai gudu ya san inda za shi, mai bin sa bai sani ba. Mutum na iya riƙe abokin karawarsa na sakan tara in ya dage. Na ashirin kam, ko wane ne shi sai an tsere masa. Ga shi a wasan nan ba a taɓa jiki, ba a fizge faifai daga hannu, ba a ture. Mai tsaro ba shi da komai sai tsayuwarsa da bakinsa. In ya rufe bakin don kunya, saura me?

Da maganar ta kai kunnen Baba dariya ya yi. Ya ce shi ma ya yi mamakin hutun da aka ba shi, amma abin da aka miƙo maka ai ba ka mayarwa. Ya kira yaron ya dafa kafaɗarsa: «Ɗana, gaisuwa a bakin fili. In mun shiga, ƙirga abinka, kuma da ƙarfi, kunnena ba kamar da ba.»

Dalilin da ya sa dokar ba ta jiran shiri a fili yake in ka duba ta ɗaya gefen: shi ma mai jifa ba a ce ya jira komai ba. Wanda ya cafe faifai yana cikin gudu an yarda ya sake shi tun bai tsaya ba, muddin bai canza hanya ba, bai ƙara sauri ba, kuma bai wuce taku biyu bayan cafewar ba. Wanda ke ƙasa ma yana iya jifa daga kwance ko daga durƙushe, inda jikinsa ya dafa ƙasa nan ne makafarsa. Tunda tun daga sakan ɗin farko yana da ikon cutar da ku, adalci shi ne lokacinsa ya soma tafiya tun daga nan.

Wannan ne ya kawo mu kan mai sufa, inda ko manyanmu ra'ayi ya rabu. Mutum ya yi tsalle ya miƙe a iska, ya cafe, ya faɗi da ciki, yashi har cikin baki. Kai kuma kana tsaye a kansa kana «ɗaya, biyu». Da ido abin ba kyan gani, na yarda. Amma bayanin da hukumar ta yi wa dokar ya fito ƙarara: ko mai faifan bai gama tsayawa ba, ko bai tashi daga faɗuwa ba, ana iya ƙirga. Ni ina ƙirgawa, kuma in na faɗi ina so a ƙirga mini. In rauni ne, wannan daban: shi ko ɗan ƙungiyarsa ya yi kira, wasa ya tsaya cak, a duba shi. Inda nake ɗaga ƙafa guda ne. Bayan damina gefen filinmu na yamma cike yake da ƙarangiya, kuma wanda ya faɗa can ya taso tafinsa duk ƙaya, ina ba shi ɗan lokaci ya karkaɗe kafin in buɗe baki. Bayanin dokar ma ya ce a saurara wa wanda ya sha wuyar kauce wa wani abu a bakin fili. Laifin fili ne wannan, ba nasa ba. Amma shekaru, ko furfura, ko «ai malamina ne a lakkol», ba sa cikin abin da ake saurara wa.

Haka wanda ya cafe a cikin fili, gudu ya kwashe shi ya yi waje. Faifai nasa ne, zai dawo ya kafe ƙafa daidai inda ya tsallake layi. Mai tsaro ba sai ya bi shi waje ba. Ya tsaya wurin da zai dawo, ya soma ƙirga tun yana can yana juyowa.

Masu kunya ke nan. Akwai kuma waɗanda tasu matsalar akasin haka ce. Muna da wani mai kabu-kabu, mutumin kirki, sai dai komai nasa a guje yake. Da ya hango mutuminsa ya cafe faifai, ko yana can tsakiyar fili, bakinsa ya kama aiki. Yana gudu yana ƙirga, kafin ya iso gabanka ya kai huɗu, ya tsaya yana haki ya ce «biyar». Doka ta ce sai kana cikin mita uku daga ƙafar da mai jifa ya kafe. Daga ƙafar ake aunawa, ba daga faifan ba, ba daga hannun da ya miƙa ba. Na yi ta faɗa masa mita uku, mita uku, abin bai zauna ba, sai ranar da na ce: «Malam, jera babur ɗinka ɗaya da rabi tsakaninka da ƙafata. In tazarar ta fi haka, ba ka soma ba tukuna.» Tun daga nan ya gane, ko da yake har yanzu in wasa ya yi zafi babur ɗin nasa kan ƙara tsawo.

Kuma mita ukun nan ba na farawa ba ne kawai. Ka soma ƙirga, ka kai shida, sai ka ja da baya don ka toshe wata hanya har ka fita daga da'irar, ƙirganka ya mutu. In ka dawo, daga ɗaya. Ba a kuma gadon ƙirga: wani ya kai huɗu ya bar wurin, kai ka maye gurbinsa ka ce biyar, ba ya yiwuwa, sabon mai tsaro sabon ƙirga. Sannan dole duk masu tsaro su kasance a tsaye bisa ƙa'ida. In ka matse mai jifa har babu faɗin faifai guda tsakaninka da ƙirjinsa, ko ka ware ƙafafu ka sa makafarsa a tsakaninsu, ko wani naku ya shigo cikin mita ukun alhali ba kowa yake tsaro ba, to ba ka da hurumin ci gaba. Mai jifa zai kira laifin da sunansa, wasa ba ya tsayawa, kai ka gyara, ka koma baya da lamba ɗaya daga ta ƙarshen da ka furta. Ka ce shida aka yi kira, sai ka ɗora daga biyar.

Ɗan ƙanwar nan tawa, da bakinsa ya buɗe, sai ya ƙi rufuwa. Mako na gaba jifan ƴan ƙungiyarsa ya faɗi ƙasa, faifai ya koma hannun ɗaya ɓangaren. Mai ɗauka na tafe bai ko sunkuya ba, yaro ya riga ya tsaya kan faifan yana «uku, huɗu». Nan kuma sai da aka riƙe shi, don a nan ne dokar ta ce a jira. Littafin ya raba lokacin wasa gida biyu: lokacin da wasa ke tafiya da lokacin da yake tsaye, kuma a na farkon kaɗai ake ƙirga. Faifan da ya faɗi ƙasa, wasa tsaye yake har sai wanda ya cancanta ya ɗauke shi. In kuma sai an kai shi wani wuri, kamar wanda ya fita waje za a dawo da shi bakin layi, ko wanda ya faɗi a gidanku kuka zaɓi ku fito da shi layin gidan, to sai mai ɗauke da shi ya isa ya kafe ƙafa. Jifan buɗe wasa ma haka yake. Bambancin da cafewa a sarari yake: wanda ke tafiya da faifai zuwa layi ba shi da izinin jifa, don haka babu dalilin cin lokacinsa.

A filinmu wannan jiran wani lokaci yakan yi tsawo, don bayan layin kudu katangar gidan mutane ce. In iska ta ɗauke faifai ta tsallakar, ba mai shiga cikinmu, gidan matan aure ne. Sai a nemo ƙaramin yaro cikin masu kallo ya je ya yi sallama. Mu kuwa mu tsaya riƙe da ƙugu muna jin muryar uwar gidan ta bayan katanga tana tambayar ko faranti ne ba mu da shi a gida da muke jifa da wannan. In ya fito da shi, wanda faifan ya koma hannunsu ya karɓa, ya taka zuwa inda ya tsallake layi, ya kafe ƙafa, sannan ƙirga ya halatta.

Amma kada wani ya ɗauka jira ba shi da iyaka, don akwai masu wayon da in sun gaji sai su riƙa jan ƙafa zuwa wurin faifai don ƴan uwansu su sha iska. Dokar ta ce a nufi faifai kai tsaye, da saurin da bai gaza tafiyar ƙafa ba. In a tsakiyar fili ya tsaya, sakan 10 ake da su a sa shi cikin wasa. In a gidan ci ne, sakan 20. Wanda ya saɓa, mai tsaro ya yi masa gargaɗi da babbar murya cewa yana ɓata lokaci. In bai gyara ba, to an buɗe wa mai tsaro ƙofa: ya tsaya cikin mita uku daga wurin ya soma ƙirga, ko da mutumin bai taɓa faifan ba. Gargaɗin nan shi ake yawan tsallakewa. Ba a faɗa wa mutum ƙirga daga sama, sai an fara ce masa ya yi sauri kowa ya ji.

Ɗalibanmu da ke kallon guntayen bidiyo a waya sukan zo da wata magana, wai bakwai ake ƙirgawa ba goma ba. Gasar ƙwararru ta Amurka suke gani, wadda aka soma a 2012. Can akwai alƙalai da usur, su ke riƙe da lokaci, sakan bakwai ne. Tasu dokar ce, ba ta shafi mai wasa da littafin WFDF ba. Hukumar ƴan wasan Amurka ta gama-gari kuwa goma take ƙirgawa kamar kowa, sai dai tazarar a ƙafa goma take auna ta maimakon mita uku, kusan abu guda.

Saura bayan an tsai da wasa saboda kira. Nan ba a ƙirga sai an mai da faifai cikin wasa: kowa ya koma inda yake, mai tsaro ya taɓa faifan a hannun mai jifa, sannan a ci gaba. Lambar da za a ɗora daga ita ta danganta da wanda ya yi laifi. Mai tsaro ya amsa laifinsa, a koma ɗaya. Masu faifai ne suka amsa nasu, a ɗora daga inda aka tsaya amma kada a wuce tara. An yi musu kan ko goma ta riga jifa, a soma daga takwas. Sauran kiraye-kiraye, har da laifin da aka ƙi amsawa, a ɗora amma kada a wuce shida: kana kan uku ka ce huɗu, kana kan takwas ka sauko shida. Lambobin ba su ne matsala ba, mantuwa ce. Bayan minti biyu ana ka-ce-na-ce, mai tsaro zai rantse yana kan bakwai, mai jifa ya rantse uku ya ji. Shi ya sa muka saba, da an yi kira, kafin kowa ya buɗe bakin gardama, mai tsaro ya fara faɗin lambar da ya tsaya a kai. Tun kafin a jefa faifan farko ake tuna wa sababbi wannan, ba a fafe gora ranar tafiya.

Abin da ba mu gama daidaitawa ba shi ne hunturu. Daga Disamba zuwa Janairu iska na kaɗowa da ƙura, rabin filin sun naɗe hanci da baki da rawani ko ƙyalle, ƙirga sai ya koma gunaguni. Ka ji «ina ƙirga», ka ji shiru, sai kawai ka ji «goma» tar, don ita kam kowa da ƙarfi yake faɗinta. Dokar ta ce wajibi ne ƙirga ya isa ga mai jifa a sarari, saboda haka muka ce wanda ke tsaron mai faifai ya sauke ƙyallen zuwa haɓa, in ba haka ba gomarsa ba ta ci ba. Kowa ya yarda ban da Baba, wanda ƙura ke tayar masa da tari. Shi ya ce zai riƙa nuna lambobin da yatsu a gaban fuskar mai jifa, tunda littafin isarwa ya ce, bai ce ihu ba. Muka ba shi gaskiya. Sai dai hannun da yake ƙirga da shi ba ya tsaro, kuma yaran sun riga sun gano haka: da ya ɗaga yatsa na biyu, faifai ya bi ta ƙarƙashin hammatarsa ta dama. Yanzu yana neman a yarda masa ya riƙa ƙirga da buga ƙafa, mun ce a bari sai Lahadi mu duba.